Randar Kakata da Tarihin Ruwa a Agadas

Na tashi a gidan da ake da randa uku a zaure. Kakata ba ta yarda a taɓa ta ukun, ko da sauran biyun sun kusa ƙarewa. Idan muka yi ƙorafi, sai ta ce, "Wannan ta baƙon da bai sanar da zuwansa ba ce." Sai da na girma na gane cewa tarihin garin nan ne ya koya mata.

Agadas gari ne da ruwan saman da yake samu a shekara bai taka kara ya karya ba. Rayuwarsa ta dogara ne da rijiyoyi da ruwan da ƙoramar Telwa ke saukowa da shi daga duwatsun Abzin ya nutse cikin yashi. Ayarin gishiri da ke tashi daga nan zuwa Fashi da Bilma yakan ratsa hamadar Tenere kwanaki ba rijiya. Kafin madugu ya ɗaga, sai ya ƙidaya salkuna, ya ƙidaya mutane, ya ƙidaya kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya. Wanda ya kuskure lissafin nan, ba ya dawowa ya ba da labari.

Fari ma ya koya mana darasi, a 1973 da kuma 1984, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, dabbobi suka mutu, makiyaya suka kwararo cikin gari. Amma da famfo ya shigo gidaje, sai muka saki lissafin madugu. Randa ta koma kayan tsofaffi.

Sai ga ambaliyar farkon watan Satumba 2009, wadda ta rusa dubban gidajen laka a Agadas. A ranakun nan na ga abin da ban taɓa zato ba: ruwa ko'ina, amma ba na sha. Ya gauraya da ƙasa da shara da najasa. A gidanmu, randar da muka raina ce ta shayar da mu da maƙwabta.

Ya ku malamai da iyaye, mu dawo da wannan lissafi. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna ɗaukar lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini, na sha da girki da tsafta. Gida mai mutum 8 ke nan lita 120 a yini, wato jarka 6 masu lita 20. A wanke mazubi, a rufe shi, a ɗora shi a kan tudu, a ware moɗa mai hannu, a riƙa sabunta ruwan. Kada a zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar man fetur.

Ni kam a ajina, da wannan lissafi nake koya wa yara ninkawa. Kowa ya ƙidaya mutanen gidansu, ya faɗa mini jarka nawa za ta kai su kwana 3. Da tsohuwar zuma ake magani.