Marsiyyar Waɗanda Aka Rataye: Asalin Waƙoƙin Tawaye a Ƙasar Ayilan

Wanda duk ya saurari waƙoƙin da mutanen Ayilan suke rerawa a tarurrukansu, ko a gida ko a ƙasashen da yunwa ta watsa kakanninsu, ba zai daɗe ba zai lura cewa jarumawan da ake ambata a ciki, galibinsu ba yaƙi suka ci ba, a gungumen rataya ko gaban bindigogin hukuma suka ƙare. Al'ummar da ta shafe ƙarnuka ƙarƙashin sarautar Ingila, in ta tayar da ƙayar baya a murƙushe ta, ba ta da kirarin nasara da za ta yi, don haka sai ta riƙi marsiyya, ta wasa ta har ta zama makami.

Tushen abin yana cikin harshensu na Gelik, inda tun fil azal mata suke da al'adar tsayawa kan gawa su rera kukan mutuwa a tsare, suna lissafa nasabar mamaci da kyawawan halayensa, suna la'antar wanda ya yi sanadinsa. Mafi shahara ita ce marsiyyar da Eibhlín Dubh Ní Chonaill ta yi wa mijinta Art Ó Laoghaire, wanda aka harbe a 1773. Yayin da Ingilishi ya rinjayi Gelik a bakin talakawa, sai wannan ɗabi'a ta koma kan 'yan fallayen takardu da ake bugawa da araha, mawaƙan titi suna rera abin da ke ciki a ranakun kasuwa suna sayarwa. Tawayen 1798, wanda Theobald Wolfe Tone yake cikin jagororin ƙungiyar da ta shirya shi kafin ya mutu a kurkuku, shi ya cika waɗannan takardu da sunaye. Sa'an nan a watan Satumba na 1803 aka rataye Robert Emmet a Dublin, bayan ya roƙi kotu da kada a rubuta kome a kabarinsa sai ranar da ƙasarsa ta sami 'yanci; abokinsa Thomas Moore kuwa ya yi masa waƙa wadda bai ambaci sunansa a cikinta ba, amma kowa ya san wanda ake nufi.

Wanda ya mai da wannan al'ada ta zama siyasa mai tsari shi ne Thomas Davis, wanda tare da Charles Gavan Duffy da John Blake Dillon suka kafa jaridar The Nation a 1842, bisa ra'ayin cewa talakan da ba zai karanta littafin tarihi ba zai haddace waƙa, ya kuma koya wa ɗansa. Davis ya rasu a 1845 yana saurayi, amma tafarkinsa ya ɗore. A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu, watau cewa da yawa daga waƙoƙin da ake zaton shaidun gani da ido ne suka tsara su, alal haƙiƙa masu ilmi ne suka rubuta su daga baya da manufa. Waƙar Boolavogue, wadda take yabon Fada John Murphy na Wexford da aka kashe a 1798, Patrick Joseph McCall ne ya tsara ta a 1898, shekara ɗari cif bayan aukuwar al'amarin.

Ba a ga ƙarfin wannan makami sosai ba sai a 1867. A ranar 18 ga Satumba wasu 'yan ƙungiyar Fenian mai neman 'yancin Ayilan suka tare keken dokin fursuna a Manchester domin kuɓutar da shugabanninsu biyu, Thomas Kelly da Timothy Deasy, aka harbi ɗan sanda Saje Charles Brett ya mutu. Hukuma ta rataye mutum uku, William Allen da Michael Larkin da Michael O'Brien, a ranar 23 ga Nuwamba, a bainar jama'a, alhali shari'ar tana cike da shubuha, domin ɗaya daga waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa tare da su an yafe masa da aka gane ba shi da hannu. Kafin shekara ta ƙare T. D. Sullivan ya buga God Save Ireland, ya ɗora ta a kan karin wata waƙar yaƙin basasar Amurka da kowa ya riga ya sani, dabarar da ta sa ta bazu ba tare da an koya wa kowa ba, ta zama tamkar taken ƙasa na kusan shekara hamsin. Hukuma ta yi nufin tsoratarwa, sai ta wayi gari ta ba abokan hamayyarta shahidai uku.

Haka aka maimaita bayan boren Ista na 1916, wanda da fari mutanen Dublin da yawa ba su yi na'am da shi ba, sai da aka riƙa harbe shugabanninsa a kurkukun Kilmainham daga 3 zuwa 12 ga Mayu, har da James Connolly da aka ɗaure a kujera saboda rauninsa ya hana shi tsayuwa, sa'an nan zukata suka juya. Amma babu wanda waƙa ta ɗaukaka kamar Kevin Barry, ɗalibin likitanci ɗan shekara 18, wanda aka kama a wani kwanton ɓauna da aka yi wa motar soja a ƙofar gidan burodi a Dublin, aka rataye shi a kurkukun Mountjoy ranar 1 ga Nuwamba 1920. Waƙarsa ta tattara dukan sifofin wannan fanni: ƙuruciyar mamaci, da ƙin tona asirin 'yan'uwansa duk da azaba, da uwa mai baƙin ciki, da kira ga samari su gaje shi. Ta ƙetare teku har Paul Robeson, mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, ya rera ta. A 2001 kuma gwamnatin Ayilan ta tono ƙasusuwansa ta sake binne shi a maƙabartar Glasnevin da jana'izar ƙasa.

Faifan garmaho da rediyo suka ƙara wa abin nisan zango. 'Yan'uwan Clancy da Tommy Makem suka fitar da faifan waƙoƙin tawaye a New York a 1956, ƙungiyar Wolfe Tones ta biyo baya a 1963, kuma da rikicin Ayilan ta Arewa ya ɓarke, sababbin sunaye suka shiga jerin, musamman Bobby Sands, wanda ya mutu ranar 5 ga Mayu 1981 bayan kwana 66 yana ƙin cin abinci a kurkuku, yana kuma zaɓaɓɓen ɗan majalisar Birtaniya; shi kansa marubucin waƙa ne, Christy Moore ya rera wasu daga cikinsu.

Ni dai ina ganin waɗannan waƙoƙi sun cancanci girmamawa, domin sun adana sunayen mutanen da hukuma ta binne a farfajiyar kurkuku da nufin a manta da su. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da suka yi shiru a kansa. Saje Brett yana da iyali. A harin da aka kama Barry sojoji uku ne suka mutu, ɗaya daga cikinsu ma bai kai shi shekaru ba. Rikicin Arewa kuwa ya ci rayuka fiye da 3,500, mafi yawansu fararen hula, waɗanda ba su da mai yi musu marsiyya. Marubucin waƙa Dominic Behan ya hango wannan tun da ya yi wa ɗan tawaye Fergal O'Hanlon waƙa bayan kashe shi a Brookeborough a 1957, inda ya haɗa juyayi da tuhumar dattawan da ke ingiza yara zuwa ga halaka. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta kwantar da bindigogi, amma ba ta raba gardamar wanda ya cancanci a tuna da shi ba: a watan Janairu na 2020, da gwamnati ta shirya taron tunawa da 'yan sandan da suka yi wa Ingila aiki kafin 'yanci, jama'a suka yi ca, aka ɗage taron, wata tsohuwar waƙar Behan ɗin nan da ke ƙalubalantar dakarun Ingila da ake kira Black and Tans kuma ta hau kan gaba a cinikin iTunes a Ayilan da Birtaniya cikin mako guda.