Abdou Moumouni: sunan da ke ƙofar jami'ar Yamai da abin da ɗiyanmu ke gani a aji



Duk lokacin hutu, idan ɗalibanmu suka dawo daga Yamai, Dosso, Parakou ko Sakkwato, hirar fada ba ta wuce malamai. Wane yana zuwa a kan lokaci, makinsa ba sani ba sabo. Wane kuwa sai ka sayi takardun darasinsa kafin ya san da zamanka. Ƴan mata sukan yi shiru, kuma mun san shirun nan magana ce. Wannan ya sa yau muka waiwayi tarihin malamin da babbar jami'ar ƙasarmu ke ɗauke da sunansa.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, inda ya ci jarabawar nan mai tsanani ta manyan malamai a 1956, a zamanin da ƴan Afirka masu irin wannan takarda ba su taka kara sun karya ba. Da ya so, da ya yi zamansa a Turai cikin jin daɗi. Sai ya dawo ya riƙe alli, ya koyar a Dakar da Conakry. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya soki lakkol ɗin da Turawan mulkin mallaka suka bar mana, ya ce a koyar da yara cikin harsunansu. Ya yi aikin binciken makamashin rana a Bamako, daga 1969 kuma ya jagoranci ONERSOL a Yamai. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai, wadda ta soma a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi.

Ɗaliban jami'ar ba su taɓa zama masu kallo kawai ba. Ran 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, suka fito daga jami'a a ƙarƙashin ƙungiyar USN, suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa karatu. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai 3 suka rasu. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Abdou Moumouni ya rasu a watan Afrilun wannan shekara, a 1992 kuma aka sa wa jami'ar sunansa.

To, jama'a, me muka tsinta a nan? Ɗalibi ba ya koyon gaskiya daga abin da malam ya rubuta a allo, daga halin malam yake ɗauka. Wanda ya ga an sayar da maki, gobe idan ya zama jami'in duwan a gadar Malanville ko likita a asibiti, ya riga ya koyi cewa komai na da farashi. Binciken da BBC ta fitar a 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai mata saboda maki a jami'o'in Legas da Ghana ya nuna cutar ba ta san iyaka ba.

Amma mu ma kada mu wanke kanmu. Uban da ke neman wanda zai yi wa ɗansa magana a gyara masa maki, da ɗalibin da ke shiga jarabawa da satar amsa a salula, ba su da bakin zagin malam.

Don Allah iyaye, wannan hutun ku zaunar da ɗiyanku, musamman mata, ku tambaye su yadda malamai ke mu'amala da su, kuma ku saurara ba tare da faɗa ba. Malaman da suka riƙe amana kuwa, suna da yawa, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya jiƙan Abdou Moumouni da waɗanda suka faɗi a gadar Kennedy.