Daga kududdufi zuwa tankin roba: tarihin kifin gida da ƙwayar da ke kashe shi

1/ Duk hunturu sai an ji labari iri ɗaya: saurayi ya haɗa ɗan jarinsa, ya sayi tanki da 'ya'yan tarwaɗa, cikin mako biyu kifi ya fara goga jiki a bango, fararen ɗigo sun feso masa, sai mutuwa. Wannan cutar tana da tarihi, kuma tarihin ne ke nuna maganin. Ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da gida. Karkarar da ta kewaye Kano, su Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir har Dambatta, ƙasa ce da gona ke manne da gona. Michael Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960 saboda yawan jama'arta da yadda ake noma ta duk shekara ba hutu. Ƙasar gero, dawa da gyaɗa ce. Ba babban kogi.

3/ To kifi fa? Daga kududdufi da fadama yake fitowa. Inda aka haƙi ƙasar gini, damina ta cika shi, nan yara ke kamo tarwaɗa da ƙarfasa. Gaiwa kuwa in ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta kwanta har wata daminar. Sauran kifin miya banda ne, daga Hadejia da tafkin Chadi.

4/ Ba wanda ke yi wa kifi magani a lokacin, domin ba wanda ke kiwonsa. Sai zamanin Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa, ga kuma farin farkon shekarun 1970 da ya nuna amfaninsu. An gama Tiga a 1974.

5/ Arewacin jihar ma ya samu rabonsa: Tomas a yankin Dambatta, Watari a Bagwai, Jakara a Minjibir. Ruwa ya zauna rani da damina, masunta suka yi sansani a bakinsa, ɗanyen kifi ya shigo kasuwannin ƙauye. Amma har lokacin kamu ake yi.

6/ Kiwo ya biyo wata hanya daban. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gonar kifi a Panyam, jihar Filato ta yanzu, a 1951. Matsalar tarwaɗa ita ce ba ta cika yin ƙwai a tsare ba. A shekarun 1970 da 1980 masu bincike, ciki har da na jami'ar Wageningen a Holan, suka daidaita yi mata allurar da ke sa ta saki ƙwai.

7/ Nan ƙofa ta buɗe. Tarwaɗa na shaƙar iska daga saman ruwa, don haka tana jure cunkoson da zai kashe wani kifin. Da tankin roba da na tamfol suka yawaita, kifi ya shigo tsakar gida. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka.

8/ Sai dai cunkoson da ke kawo riba shi ne gatan ƙwayar cuta. A kududdufi ƙwaya kan yi ta yawo ba ta samu kifi ba har ta mutu. A tanki mai lita 1,000 da ɗaruruwan kifi, ko ina ta juya abinci ne.

9/ Mai fararen ɗigon nan, wani Bafaranshe mai suna Fouquet ne ya bayyana ta a 1876. Ya raɗa mata Ichthyophthirius multifiliis. Kada sunan ya tsorata ku, ma'anarsa kawai "kwarkwatar kifi mai 'ya'ya da yawa". Wallahi sunan ya dace da ita.

10/ Ga yadda take rayuwa. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ko cikin mashaƙarsa tana ci, ta girma har kusan milimita 1. Ɗigon da kake gani kamar gishiri ke nan. A wannan halin fatar kifin ta rufe ta, duk abin da ka zuba a ruwa ba ya kai mata.

11/ In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta naɗe kanta cikin kwanso, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa. Kwanson ya fashe, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. In ba su samu ba cikin kwana biyu zuwa uku, sun mutu. Nan ne kawai take tsirara, nan ake kashe ta.

12/ A ruwa mai ɗumi zagayen nan kan cika cikin ƙasa da mako ɗaya. A ruwan sanyi yana jan makonni, ga kifin ya daina cin abinci, ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa hunturu ke yi wa masu tanki a fili ɓarna. Kuma shi ya sa zuba magani sau ɗaya ba ya isa.

13/ Wannan dabarar ta jiran ƙwaya a cikin ruwa, ai mun san ta. Ku tambayi kakanninku labarin kurkunu. Da damina take kwantar da manomi, daidai lokacin noma, a yi makonni ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan. Har gobe ba ta da kwaya, ba ta da rigakafi.

14/ Tun 1870 wani ɗan Rasha, Fedchenko, ya gano cewa 'ya'yanta na zama cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, mutum ya haɗiye su da ruwan kududdufi, bayan kusan shekara tsutsa ta ɓullo a ƙafa. Ya tsoma ƙafar a ruwa don jin sanyi, ta zuba sababbin 'ya'ya.

15/ Ƙidayar 1988 zuwa 1989 ta samu sama da mutum 650,000 da kurkunu a Najeriya. Me aka yi? Tace ruwa da ƙyalle, zuba Abate a kududdufai, haƙa rijiyoyin burtsatse, hana mai ciwo shiga ruwa. Cibiyar Carter ta tallafa, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankali.

16/ An ga mutum na ƙarshe da ita a jihar Enugu cikin Nuwamba 2008. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu. An yanke mata hanya ne a cikin ruwa. Darasin mai tankin kifi ke nan, babu ragi.

17/ Yanzu tarihin magungunan. A 1877 aka haɗa wani koren rini a Jamus, malakayit girin, na rina kaya. Daga shekarun 1930 masu kiwon kifi suka gano yana kashe ƙwayoyin fata, ga araha. Daga baya bincike ya nuna yana daɗewa a naman kifi, kuma ana zarginsa da jawo kansa.

18/ Amurka da Tarayyar Turai duk sun haramta shi a kifin ci. Har yau yana cikin wasu kwalaben maganin kifin ado, irin wanda ake ajiyewa a akwatin gilashi a falo. Don Allah kada ka ga ya yi aiki a kifin kallo ka juye shi a tarwaɗar da za a gasa wa mutane. Amana ce.

19/ Ƙari a kan haka, tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, magani mai kaifi ya fi saurin illata ta. Kafson ja da yalo da ake fasawa a tanki kuma na bakteriya ne, wannan ƙwayar ko a jikinta. Asarar kuɗi, ga koya wa cututtuka jure maganin da mu kanmu muke buƙata.

20/ Abin da ya fi daɗewa ana amfani da shi kuma yana nan: gishiri. Kimanin giram 3 a kowace lita, wato kilo 3 a tankin lita 1,000. A narkar a bokiti, a zuba kashi-kashi, a riƙe kwana goma zuwa mako biyu. Ko ɗigon ya ɓace a ci gaba, akwai na ƙasan tanki.

21/ Kullum a zuƙe dattin ƙasa, can kwansunan suke. In an canja ruwa a mayar da gishirin daidai ruwan da aka ƙara. A rage abinci. Da daddare a rufe tanki don riƙe ɗumi, amma a bar kafar iska. Koma da bokitin tanki mai ciwo kada su shiga wani.

22/ Sababbin 'ya'yan kifi kuwa, ko daga wa ka sayo, a ware su mako biyu zuwa uku kafin haɗawa. Ɗanyen ruwan dam ko kududdufi ma na iya zuwa da baƙi. In an kwashe kifi, a wanke tanki a shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Ranar Kano kyauta ce.

23/ A kula: ba duk goga jiki ba ne farin ɗigo. Akwai ƙananan tsutsotsin fata da mashaƙa da ido ba ya gani. Maganinsu, praziquantel, shi ne dai ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya. Kada a yi kame-kame, a kai kifi biyu masu rai wa likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi ya duba da madubin likita.

24/ Kakanninmu sun kamo kifi ba tare da ɗaukar nauyin lafiyarsa ba. Mu da muka shigo da shi gida, nauyin ya hau kanmu, da na masu cinsa. Tura wa abokinka mai tanki kafin sanyi ya sauko. Allah Ya sa albarka a nema.