Yadda Gigin Tsufa Ya Zama Cuta A Wurin Likitoci

Saɓanin da ya tashi a kan maganin cutar Alzheimer ɗin nan lecanemab, wanda Amurka ta ba shi cikakken izini a 2023, alhali hukumar da ke tantance magunguna domin asibitocin gwamnatin Ingila ta ce a 2024 amfaninsa bai kai tsadarsa ba, ba zai fahimtu ba sai an koma ga asalin mas'alar, watau yadda gigin tsufa ya tashi daga hukuncin shekaru ya zama cuta mai suna.

Tabiban da, har da Ibn Sina wanda ya keɓe wa kiwon lafiyar tsofaffi fasali a cikin littafinsa Alƙanun, galibinsu sun ɗauki raunin hankali a ƙarshen rayuwa ɗabi'a ce ta jiki, maganinta lallashi da abinci mai sauƙi, a haka kuwa aka zauna ƙarnuka. A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus, tana mance har abin da take cikin rubutawa. Da ta rasu a 1906, sai likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da wasu dunƙule tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da zaruruwa cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer, amma ya keɓe ta ga waɗanda tsufa bai cim musu ba.

An sha faɗin cewa ƙarancin kayan aiki ne ya tsayar da binciken shekara sittin. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba, domin Oskar Fischer na birnin Prague ya bayyana irin waɗannan dunƙule a ƙwaƙwalwar tsofaffi tun 1907 aka kau da kai, kuma abin da Blessed da Tomlinson da Roth suka yi a Newcastle a 1968 ƙidaya ce kurum, suka nuna yawan dunƙulen na tafiya da tsananin ruɗewar. Himma ce ta yi ƙaranci, saboda ba a ga ɗan tamanin ya cancanci wahalar bincike ba.

Da Amurka ta kafa cibiyar binciken tsufa a 1974, Robert Katzman kuma ya kafa hujja a 1976 cewa cutar ɗaya ce ga tsoho da wanda bai tsufa ba, sai kuɗi suka samu. A 1984 George Glenner ya gano sinadarin amiloid da dunƙulen ya ƙunsa, a 1992 Hardy da Higgins suka ɗora masa laifin duka, jama'a kuwa suka bi su tamkar mazhaba, har kamfanoni suka zuba dukiya mai yawa wajen neman abin da zai wanke shi.

A cikin shekarar nan ta 1992 aka soma wani aiki da na fi ba muhimmanci. Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Jami'ar Ibadan, tare da Hugh Hendrie na Indiyana, suka kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indianapolis masu shekara 65 zuwa sama, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon 2001 ya nuna masu kamuwa a Ibadan kowace shekara ba su kai rabin na Indianapolis ba. Wasu sun ce mutuwa da wuri ce ta rage adadin, sai dai an daidaita lissafin bisa shekaru, kuma hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini sun fi yawa a Indianapolis. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa sabubban gigin tsufa 14 a 2024, daga ciki akwai raunin ji da hawan jini da kaɗaici da ƙarancin karatu, ya ce kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar ana iya hana shi ko jinkirta shi. Lecanemab kuwa an sa masa farashin dala 26,500 a shekara a Amurka a 2023, rage saurin lalacewar kaɗan yake yi, ga shi wani lokaci yana kumbura ƙwaƙwalwa, don haka ina ganin hukumar Ingila ta fi kusa da daidai.