Moustapha Alassane da Tarihin Gajerun Fina-finan Zane a Nijar

Gajeren fim ɗin zane mai motsi, wanda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ke yi ba tare da wani babban kamfani a bayansu ba, ya yi ƙarfi a Japan tun 1960, lokacin da Yoji Kuri da Ryohei Yanagihara da Hiroshi Manabe suka haɗu suna nuna ayyukansu a Tokiyo. A shekarun nan ne kuma irin wannan sana'a ta tsiro a maƙwabciyarmu Nijar, a hannun Moustapha Alassane.

An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana yaro yakan yanka kwali ya fitar da surori, ya kunna fitila a bayansu, inuwa ta riƙa rawa 'yan kallo na shewa. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai fim, Jean Rouch, daga nan ya tafi Kanada ya ga yadda mai fim ɗin zane Norman McLaren yake aiki.

Fim ɗinsa La Mort de Gandji na 1965 ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar ne ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana faretin sojoji ana buga masa badujala. Mintinsa bai wuce biyar ba, amma habaicin ya isa kunnen sababbin masu mulkin Afirka. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yartsana.

Aikin na mai haƙuri ne. A gyara hannun 'yartsana ɗan kaɗan, a ɗauki hoto, a sake gyarawa, a sake ɗauka, sai an tara hotuna har 24 kafin a samu daƙiƙa ɗaya ta fim.

Ga mutumin Argungu ko Birnin Kebbi, wanda ya tashi yana ganin 'yan kokowa a fage, babu fim ɗinsa da zai fi shiga rai kamar Kokoa. Sunan ma namu ne. Ga fage, ga makaɗa, ga 'yan kallo, sai dai 'yan kokowar kwaɗi ne da hawainiya, suna zagayen juna kafin a kama. Wanda ya san kokowa ne kaɗai zai iya sa 'yartsana ta yi wannan takun.

Ya shugabanci sashen fim a Jami'ar Yamai, sannan ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Adar, inda ya buɗe masauki ya ci gaba da aikinsa a can. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.