Daga Karan Ɗori Zuwa Ƙarfen Kafaɗa

A Gangara da sauran ƙauyukan Jibiya, idan dattijuwa ta zame ta tokare ƙasa da hannu, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi saurin karyewa shi ne kan ƙashin dantse, daidai inda yake shiga kafaɗa. Abin da akan fara yi sananne ne, a aika a kira mai ɗori. Ya zo ya ja hannun, ya shafa magani, ya yi tofi, ya jera karare ya naɗe da tsumma. Sana'a ce ta gado, har sarautar Sarkin Ɗori gare ta a garuruwa da dama.

Sai dai kafaɗa ba ta ɗauruwa. Kara yana kama sangali, yana kama tsintsiyar hannu, amma guntun ƙashin da ke can cikin tsokar kafaɗa babu ta inda za a tallafe shi daga waje. Ko filastar da likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya ƙirƙiro wajen 1851, wadda mutanenmu ke kira siminti, ba ta magance wannan ba.

Hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a 1895, shi ya buɗe wa likitoci ido. A farkon ƙarni na 20 Albin Lambotte na Beljiyam ya riƙa tsaga fata yana haɗa ƙashi da falle na ƙarfe da sukurori, kodayake tsatsa da ruɓewar ciwo sun sha ɓata aikin likitocin zamanin. A 1958 wasu likitocin Suwizalan ƙarƙashin Maurice Müller suka kafa ƙungiyar AO, suka daidaita kayan aikin da yadda ake koyar da shi. Shekara guda bayan haka, 1959, aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1979. Sannu a hankali "an sa masa ƙarfe" ta shiga bakin Hausawa.

Kafaɗar tsofaffi ta ci gaba da gagara. A 1970 Charles Neer na Amurka ya kasa wannan karaya gwargwadon gutsattsari huɗu da kan ƙashin ke iya rabewa, ya ce sai guntu ya matsa fiye da santimita 1, ko ya karkace fiye da digiri 45, za a kira shi gocewa. Rabon ya taimaka, amma ƙashin tsufa, musamman na mata bayan ɗaukewar al'ada, ya riga ya zaizaye daga ciki. Ɗaura masa sukuru kamar buga ƙusa ne a azarar da gara ta ci. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 aka rungumi falle mai kulle, irin su PHILOS, inda kan sukurun ke ɗaure a jikin ƙarfen maimakon ya dogara ga ƙarfin ƙashi. Idan kuma kan ƙashin ya farfashe ƙwarai, akan cire shi a sa gaɓar ƙarfe irin wadda Paul Grammont ya tsara a Faransa a 1985.

Sai ga abin da masu wuƙa ba su so ji ba. A 2015 aka fitar da sakamakon binciken PROFHER na Birtaniya, kan mutum 250 masu karayar da ta goce. Bayan shekara 2, waɗanda aka yi wa tiyata ba su fi waɗanda aka rataye wa hannu a wuya ba.

Mai ɗori zai iya yin murmushi, amma binciken bai wanke shi duka ba. Waɗancan majinyata an ɗauke su hoto tukuna, an ware waɗanda kan ƙashinsu ya fice daga gurbinsa, sannan aka bi su da gashin ƙashi. Ratayarsu kuma sakwa-sakwa ce, ba ɗaurin da ke tsayar da jini ba, irin wanda likitocin ƙashi a Najeriya suka daɗe suna kuka da shi saboda yadda yake kai wa ga yanke hannu. Mutumin Gangara kuwa, kafin a ce masa rataya ko ƙarfe, sai an samu motar da za ta kai shi inda ake ɗaukar hoto, a Jibiya ko Katsina, wani lokacin ma a zarce da shi Dala.