Tarihin Dandaƙar Alkama da Sinadari

Masara ta sauƙaƙa wa masu haɗa iri aiki, domin furenta namiji yana can ƙololuwar kara, mace kuwa tana a jiki. Da an tsinke na sama, tilas ta karɓi garin fure daga wani iri, a sami iri mai aure. Alkama ba haka take ba. Namiji da mace suna tare a cikin ɗan fure guda, tana barbarar kanta tun bai gama buɗewa ba, kuma babu mai iya bin gona fure-fure da hantsaki.

Tun wajen 1950 masana a Amurka suka fara tunanin fesa sinadarin da zai kashe garin furen ya bar ɓangaren mace lafiya. Sun fara da maleic hydrazide, daga baya suka gwada ethephon. Duk sun ba da kunya: idan an rage magani wasu furanni su tsira, idan an ƙara shuka ta tsumbure. Saboda haka hankali ya karkata ga rashin haihuwa na gado, wanda Hitoshi Kihara na Japan ya bayyana a alkama a 1951. Sai dai a 1970 cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda yawancinta ta gaji irin wannan siffa daga tushe ɗaya. Wannan ya ƙara wa sinadari daraja, tun da shi ba a gadonsa, kuma kusan kowane iri yana iya zama uwa.

Kamfanin Rohm and Haas ya fito da Hybrex, Monsanto ya fito da Genesis, amma kasuwa ba ta karɓa ba. A ganina lissafi ne ya kayar da su. Garin furen alkama yana da nauyi, ba ya nisa, yana mutuwa da wuri, don haka irin yakan yi tsada. Ga shi manomi yana buƙatarsa da yawa a kowace hekta, alhali ƙarin amfanin bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba.

A Faransa ne dabarar ta rayu, da sinadarin sintofen da ake sayarwa da sunan Croisor, wanda kamfanin Saaten-Union na Jamus ya gada daga Hybrinova. Duk da haka, alkama mai aure ba ta kai kashi 1 cikin 100 na gonakin alkamar duniya ba.